Ban Yafe Ba, Sai Ka Dawo

Babanmu ba ya fita daga gidanmu na unguwar Gudu sai ya nemi gafarar Ummanmu. Ko ma'aikata zai tafi, ko Idu zai je ya hau jirgin ƙasa, sai ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya gyara hula, ya ce, "Hajiya, rai ba a hannunmu yake ba. A yafe juna."

Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi daga kan tukunya. "Ban yafe ba. Sai ka dawo."

Da yamma zai shigo da toshiyar bakinsa, wani lokaci kilishi, wani lokaci nonon da ya saya wurin matan Fulani a hanya. Sai ta ci ta ƙoshi, ta suɗe yatsa, sannan ta ce ta yafe, amma na yau kaɗai. Mu yara muna gefe muna dariya, har da ɗan rabonmu na kilishin.

Malamar Islamiyyarsu ta taɓa yi mata nasiha, wai in ya tafi bai dawo ba fa? Umma ta ce, "Malama, ba ki san shi ba ne. Mutumin nan ba zai iya kwanciya da nauyina a wuyansa ba. Dole ya dawo."

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti a Gwagwalada, ya kama hannunta ya roƙi gafara da gaske. Ni da nake tsaye sai da na ji haushinta, don hana shi ta yi. Allah ya tashi kafaɗunsa. Daga nan kuma ba mu huta ba, duk baƙon da ya zo dubiya sai ta gaya masa likitoci sun yi ƙoƙari, amma ita ta riƙe shi.

Shekaru suka ja. Wata safiya ya dawo daga masallaci, ya zauna a kujerarsa yana jiran shayi, ya cika a nan.

Bayan an yi masa sutura, kawunmu ya kira ta ta yi sallama da shi. Ta durƙusa a gefen makara ta ce, "Alhaji, yau ka fita ba ka tambaya ba." Ta gyara masa gefen likkafani kamar yadda take gyara masa wuyan riga. "Na yafe. Kullum a yafe kake fita, baki ne kawai."

Ban taɓa son iyayena kamar a wannan lokacin ba.

Watan jiya zan yi tafiyar aiki, na tsaya a bakin kicin ɗinta na ce, "Umma, a yafe ni."

Ta ci gaba da juya miya. "Ban yafe ba. Kuma kilishin ya zama mai yaji."