Edil na Kasuwar Hatsi

Malam Joda ya ƙare aikinsa kaf yana koyar da tarihi a wata sakandare a Potiskum, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa da kalma guda yake fita: edil. Tsohuwar kalmar Rumawa ce, sunan jami'in da ke duba kasuwa da ma'auni. Shekara ɗaya yake yi, in ji Malam, ya sauka wani ya hau. Ɗalibai suka liƙa masa sunan.

Da ya yi ritaya sai ya ɗauki aikin, ba wanda ya naɗa shi. Kullum da hantsi ya hau Keke Napep daga unguwar Yindiski zuwa kasuwar hatsi, ya bi rumfa-rumfa yana zura tafin hannu cikin mudu. In an bubbuge gindin mudun don ya rage ci, ba ya faɗa da kowa. Kife shi yake yi ya wuce.

Abu ɗaya ke cin ransa: shekara ta cika, ta sake cika, ba magaji. Ya sa wa zuciyarsa cewa wanda ya mutu da muƙamin nan a hannu ba zai samu kwanciya ba.

"Abbas, ka karɓa mana," ya ce wa wani tsohon ɗalibinsa mai sayar da gero.

"Haba Malam! Rumawan ma sun bar abinsu, sai ni ɗan Fika? Nawa ne albashin?"

"Babu."

"To Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Cikin damina zazzaɓi ya kwantar da Malam Joda. Ran nan ya tashi jikinsa sakayau, ya nufi kasuwa da rana tsaka. Masu keke suka yi ta wuce shi, ya taka da ƙafa, ko haki bai yi ba. Ba wanda ya gaishe shi, ba wanda ya ɓoye mudu. A rumfar Abbas ya tarar ana magana ƙasa-ƙasa: jiya bayan la'asar aka binne Malam Edil.

Ya tsaya ya saurara har suka gama. Sannan ya zura hannu cikin mudun maƙwabcin Abbas, ya ji kumburin gindin, ya kife shi. Gero ya watse a kan tabarma.

Abbas ya miƙe, yana kallon wurin da ba kowa.

"Na karɓa, Malam," ya ce. "Wallahi na karɓa. A je a huta."