Yadda Na Rushe Gasar Ƙanena da Hannuna

Shekarun baya, lokacin soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, wayar hannu ma sai wane da wane, na taɓa zama alƙaliyar gasar ƙwallon kwando. Ni ɗin nan da kuka sani da girki da hidimar yara. Har yau ban taɓa riƙe ƙwallon ba, ban taɓa taka filin ba, amma sai da na yi sama da wata uku samari takwas suna jiran hukuncina duk Juma'a.

Ƙanena ne sila, autanmu. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu ta Koki, kuma tun yana sakandare ba shi da zance sai na ƙwallon kwando. Wata ranar yana dawowa daga atisaye a kan acaɓa, mota ta buge su. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba. Lungun gidanmu keken guragu ba ya shiga, sai maigidana ya ce a kawo shi wajenmu a Sheshe, ya ba shi ɗakin da ke cikin soro.

Wata shida yaron nan yana kwance yana kallon rufin ɗaki. Masu dubiya su shigo, su ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin, su fita. Abokan wasansa ma haka. Samarin da a da sai na leƙa na ce su rage surutu, yanzu su zauna shiru kamar gidan makoki. Na dafa abin da yake so, kwanon ya dawo yadda na kai shi.

Babban abokinsa ne ya zo da dabarar. Maigidana yana da shagon buga takardu, kuma ya kawo wata tsohuwar kwamfuta gida ya ajiye a falona. Abokin ya samo faifan wasan ƙwallon kwando a kasuwa. Kwamfutar ta tsufa, ba ta iya nuna wasan ana gudu ana tsalle, amma idan ka ba ta sunayen 'yan wasa biyar na wannan ɓangare da biyar na wancan, ka danna, sai ta yi lissafinta ta fito maka da sakamako: wane ya ci, da maki kaza. Su takwas kowa ya ɗauki ƙungiya ya sa mata sunan unguwarsu. Abokin ya ɗauki Dala, ƙanena ya ɗauki Koki.

Saura mai dannawa. Ba su yarda ɗayansu ya riƙe ba, tunda kowa yana da ƙungiya, ga shi kuma ba za su shigo falon matar aure ba. Daga cikin ɗaki na ji muryar ƙanena, karon farko da ya sa baki a wani zance tun bayan hatsarin.

"A ba Yaya. Ta iya bugun tafireta tun a makaranta, kuma ba ta san komai a wasan ba. Ko ta so ta yi son kai ba ta san ta ina za ta fara ba."

Suka yi dariya. Na tambayi maigidana, ya ce in dai ba caca a ciki ya amince. Ba caca kuwa, ko sisi ba a sa ba.

Ga yadda muke yi. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a kowa ya rubuta mutum biyar ɗinsa da waɗanda za su canje su, ya ninke takarda ya jefa a wata samira da nake ajiyewa a bakin ƙofar soro. In ɗauka, in shiga falo, in buga sunayen nan na turawa masu wuyar faɗa harafi bayan harafi, in danna, in ajiye sakamakon a cikin kwamfutar, sannan in kwafe shi a kwali da babban rubutu. Bayan la'asar in miƙa kwalin ta bayan labule. Daga nan sai soro ya kaure har kiran magariba.

"Koki ta sha ƙasa! Kai malam, wa ya ce maka ana sa gajere a ƙarƙashin kwando?"

"Rufe mana baki, ɗan Dala. Sa'a ce kawai."

"Sa'a? Kai dai ba ka iya ba. Da can ma a fili tsawo ne ya taimake ka, ba ƙwaƙwalwa ba."

Da na ji wannan, na ce yau za a yi kuka. Sai na ji ƙanena ya fashe da dariya har yana tari, yana cewa a miƙo masa takalmi ya jefi ɗan banza. A daren ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Na shiga ɗaki na yi sujadar godiya.

To amma Koki ba ta ci. Sati huɗu a jere ana doke ta. Idan na kai masa abinci ranar Asabar sai in same shi ya haɗe gira, ya baza takardu a kan cinya, yana rubutu yana sokewa, ko ɗago kai ba ya yi. Yanzu na san tunani yake, yana neman ta inda zai ɓullo musu. A lokacin kuwa abin da idona ya gani shi ne yaron da aka raba da ƙafafunsa, ga shi a wasan wasa ma an hana shi ya ci.

Juma'a ta biyar na danna, Koki ta sake faɗuwa. Kafin in ajiye sakamakon aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita babu komai a ciki, dole na sake buga sunayen na sake dannawa. Sai ga Koki ta ci da maki shida. Na zauna ina kallon allon. Ashe ba dole ne ta maimaita abin da ta faɗa ba. Na ce a raina wannan ba ni na yi ba, haka Allah ya so, na rubuta na biyun a kwali. Ihun da ƙanena ya yi a ranar har maƙwabciyata ta aiko tana tambaya ko lafiya.

Satin da ya biyo Koki ta sake faɗuwa, wuta kuma ba ta ɗauke ba. Ni na miƙa hannu na kashe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san ha'inci ne. Duk lokacin da na yi sai na yi istigfari, in ce daga wannan na daina. Sai Juma'a ta zagayo, in ga Koki a ƙasa, in tuna kwanon da yake dawowa a rufe, hannuna ya tafi da kansa. Wani sa'in sau biyu, wani sa'in sau uku. Sauran wasannin ban taɓa taɓa su ba, da wannan nake lallashin zuciyata, kamar wanda Koki take dokewa ba ɗan wani ba ne.

Koki ta ci tara a jere. Na lura soron ya fara rage hayaniya, amma na ɗauka kunyar shan kaye ce. Wata rana na ji ƙanena yana yi wa babban abokinsa magana da kakkausar murya.

"Ka gaya min gaskiya. Haɗa baki kuka yi kuna sa min ragwaye don in ci?"

"Ni? Wallahi in na samu dama sai na yi maka cin da za ka kwana uku ba ka yi magana ba."

"Ka rantse."

"Na rantse da Allah."

Ina tsaye a bayan labule da butar shayi, na ji komai. Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, don a ganina zargin ya wuce ta kaina.

Juma'ar da ta biyo, Koki da Dala ne. Na buɗe takardar ƙanena na ga sunaye biyar da ban saba bugawa ba. Ban kawo komai a raina ba, ni duk sunayen ɗaya ne a wajena. Na danna, Dala ta ci da tazara mai yawa. Na kashe na sake. Dala. Na sake. Dala. Miyata tana kan wuta har ta kama, ina jin ƙaurin ban tashi ba. Aka yi kiran la'asar, na yi salla na dawo na ci gaba. Daga soro ana ta kira, "Yaya, ko alƙaliya ta yi barci ne?" Sai a karo na goma sha ɗaya Koki ta ci da maki biyu. Na rubuta, na miƙa kwalin, ina murmushi ni kaɗai.

Ba wanda ya yi ihu. Can na ji abokin ya ce, "Kai, wa ka sa yau?" Ƙanena ya karanto masa sunayen. Daga baya na gane mutum biyar ɗin nan su ne mafi rauni a ƙungiyarsa, waɗanda ko canji ba a sa su. Da gangan ya ajiye gwanayensa duka. Duk wanda ya san wasan da ya ga takardar zai gane tarko ne. Ni kaɗai ce a gidan ban sani ba.

Ya ce musu kansa yana ciwo, suka watse tun kafin magariba. Sannan ya kira ni. Na shiga na tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, sau nawa kika danna?"

Na buɗe baki zan ce wuta ce. Ya ɗaga min hannu.

"Yau Juma'a. Kar ki yi."

Na ce goma sha ɗaya.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya tattara takardun da ke kan cinyarsa, na lissafin da ya yi wata da watanni yana yi, ya daidaita su ya ajiye a ƙasa.

"Na ɗauka ni ne na gano dabara. Har ina cewa ko ba ƙafa zan iya koyar da yara." Sannan ya ce, "Kowa a garin nan tausayina yake ji, Yaya. Abin nan kaɗai ne bai san ni gurgu ba ne. Shi ma kin je kin gaya masa."

Shi da bakinsa ya sanar da abokansa sati na gaba. Na so su yi fushi, su zage ni ma. Ina. Babban abokin ya sassauta murya ya ce, "Haba, ai Yaya don ƙauna ta yi. A bar maka wasannin kawai, ba komai." Sauran suka ce wallahi ba komai, a bar masa. Muryar dubiya ta dawo soron a ranar, kuma ba ta sake fita ba. Maigidana ya ce zai fito da kwamfutar soro a danna a gaban kowa. Ƙanena ya ce a bar ta inda take. Samarin suka koma zuwa jefi-jefi da ledar lemo, su ce sannu, ya ce yauwa.

Na roƙe shi gafara ya fi a ƙirga. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma bayan wata uku likitan da ke duba shi ya kira ni gefe ya ce akwai ɗan motsi a ƙafar dama, idan ya dage da gashin ƙashi zai yiwu wata rana ya tsaya da sanduna. Na dawo gida kamar in yi fiffike na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "To, Yaya." Maigidana ya kai shi ya ji daga bakin likitan. A hanyar dawowa ya ce wa maigidan, "Ai Yaya ta riga ni shiga wajensa." Wato a ganinsa ni na tsara wa likitan abin da zai faɗa. Gashin nan bai yi shi da zuciya ɗaya ba, ya je sau 'yan kaɗan ya bari. Ko da ya dage zai tashi, ko ba zai tashi ba, Allah kaɗai ya sani. Wannan tambayar ita nake kwana da ita.

Yau yana nan a kan kekensa, yana gyaran waya a wani ɗan shago, yana cin halalinsa. Muna zumunci, yana zuwa gidana da salla, yarana suna hawa jikinsa. Ko a talabijin aka sa ƙwallon kwando sai ya ce a canja tasha.

Na daɗe ina kiran abin da na yi tausayi. Da na girma na dube shi da kyau, sai na ga kaina na tausaya wa. Ni ce ba na iya jure ganin fuskarsa a haɗe, shi yana iya jure faɗuwarsa, har yana jin daɗin faɗan da ke cikinta. Ku da kuke jinyar wani a gida, ban isa in yi muku wa'azi ba, na dai faɗa muku nawa.

Har yanzu idan na ce masa ya yi ƙiba, ko na ce wani ya yaba gyaransa, sai ya ce "To, Yaya," anjima in ji yana tambayar wani ko haka ne. Shekara huɗu ke nan da mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ni aka tura shagon in sanar da shi. Ina faɗa ya ajiye wayar da ke hannunsa ya yi salati. Bai tambayi kowa ba.