Muryar da Kika Bar Mini

Ranar Talata, 9 ga Satumba, ina jiran jirgin ƙasa a tashar Nakano aka kira ni aka ce Nagamine Sumie ta rasu a asibiti, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunta saba'in da ɗaya. Da yamma labarin ya fita a talabijin, amma hoton Nobumaru aka fi nunawa, yaron zanen nan mai rigar ruwan ɗorawa da ta shekara talatin da shida tana yi wa murya a fim da wasannin kwamfuta.

Yaya Sumie, ranar da na fara shiga ɗakin ɗaukar murya, na zo da riga mai ƙarar leda da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Mu goma sha biyar ne a kan makirfo huɗu, kowa ya faɗi nasa ya matsa ba tare da an ji motsinsa ba. Sau uku na ɓata aiki. Kika ja ni waje, kika cire rigar sanyinki kika ba ni, kika damƙa mini dunƙulen shinkafa.

"Ci, 'yar nan. Cikinki ya fi ki iya magana, har shi na'ura ta ɗauka."

Kin kula da mu, amma ban ga wanda ya kula da ke ba. Nobumaru ɗan shekara tara ne, kuma ba a yarda ya girma ba. Saboda shi kika bar ruwan sanyi, kika bar waƙa. Sau biyu kika nemi a ba ki rawar tsohuwa, aka ce da kin buɗe baki yara za su gane. A bikin ɗanki Keisuke kin rubuta jawabi shafi biyu, baƙi suka yi ta tafi suna kiran Nobumaru. Kika ninke takardar, kika yi musu muryarsa. Na zauna ina dariya tare da su, har yau abin yana ci mini rai.

Ni ce na jawo wa kaina sauran. A walimar ƙarshen shekara na kwaikwayi muryarki ta Nobumaru don raha, daraktan shirin ya ajiye kofinsa yana kallona. A asibiti kika kama hannuna, muryarki ta dushe.

"Chikage, za su zo miki. Ki ce a'a. Kina da taki muryar, wawiya, kada ki ba su."

Masu shirin sun zo, Yaya, kwana biyu bayan an ƙona gawarki bisa al'adarmu, suna so in gaje ki a muryar yaron. Suka ce in babu Nobumaru, shirin ya mutu, da aikin mutum goma sha huɗu. Suka ce kada in canza ko da numfashi ɗaya, kuma in ajiye sauran ayyukana don kada masu kallo su rikice. Shekarata arba'in da uku.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Noboru, da Keisuke da iyalinsa. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Allah Ya yi miki rahama, Ya saukar da ke inda za ki yi magana da muryarki a saurare ki.

Ni kuma ki yafe mini, Yaya. Na ce musu to, ranar Alhamis zan fara.