Sassaƙen Marke da Tarina

Saiwoyi da sassaƙen itatuwa nake sayarwa a unguwar Gwallaga. Shekarar da tarin fuka ya kama ni, wata malamar jami'a daga Yelwa takan zo sayen sassaƙen marke. Lokacin ina wata na uku da fara maganin asibiti. Ƙwayoyin suna tayar mini da zuciya, fitsarina ya koma ja.

Ran nan na tambaye ta me take yi da marke haka. Ta buɗe kwamfutarta a kan bencina. Na ga hoton wani abu a cukurkuɗe kamar hanjin kaza.

Ta ce, "Baba, wannan wani sashe ne na jikin ƙwayar cutar tarin fuka. Kwamfuta ta ce akwai sinadari a cikin marke da zai iya maƙalewa a nan ya hana ta aiki."

Ta ƙara wasu maganganu, ban tsaya ji ba. Ban kuma gaya mata ina da ciwon ba. Marke dai ga shi buhu guda a bayana. Na ajiye ƙwayoyin asibiti, na koma dafa sassaƙe safe da yamma.

Bayan wata biyu na yi tari a gaban shago, na ga jini a tafin hannuna. Na goge a wando. Washegari jinin ya ƙaru. Har ta kai ko salla sai a zaune. Na fara duban 'ya'yana ina tunanin wa zai riƙe su.

A haka malamar ta same ni. Na gaya mata komai.

Ta ce, "Innalillahi! Baba, hasashe ne fa! Ko ɓera ba mu gwada wa ba!"

Na ce, "Ke kika ce kwamfuta ta faɗa."

"Kwamfuta ta taɓa tari ne? Tashi mu je."

Ita ta tsayar mana da keke mai ƙafa uku. A asibiti suka karɓi kakina, suka ce in jira sakamako. Da ya fito, likita ya ce cutar ta daina jin maganin farko, sai allura da wasu ƙwayoyi, kusan shekara biyu.

Na sha, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Na warke. Amma allurar ta tafi da jin kunnena na hagu.