Gyara-Zama Ba Ta Ɗaukar Fuska

Daga cikin waya na fara jin sunan. Ina zaune ina miƙa wa ƙanwar mahaifiyata man kitso, sai saƙon murya ya shigo, wata mata tana dariya tana cewa, "Gyara-Zama, kin mutu ne ko kin yi kuɗi?" Mu a gida Inna Ƙarama muke ce mata. Ashe ƙawayenta sun laƙa mata wannan suna ne saboda kalmar da ba ta rabo da bakinta: duk wadda ta zauna a gabanta ta fara gyangyaɗi, sai ta ƙwanƙwasa mata mataji a ka, ta ce ta gyara zama.

Kitso ne sana'arta. Ɗakinta bai wuce tabarma da kujera 'yar tsugunno da madubi mai tsaga a gefe ba, amma mata kan yi layi har bakin ƙofa. Da aka fara yayin saka hotuna, ita ma ta shiga, sai dai da nata sharaɗi. Idan ta gama, ta baya take zagayawa ta ɗauki ƙeya da tsagar kitson kawai. Fuska kam a'a. Takan ce mace ta cire ɗankwali a gabanta ne don ta yarda da ita, ba don duniya ta gani ba.

Suna da wani guruf na hira a waya, ita da tsofaffin ƙawayenta na makaranta. Kullum a can ana "masoyiyata", ana "'yar'uwa rabin jiki", ana jera 'yan hotunan zuciya. Rabinsu a kyauta take musu kitso. Babbarsu wata mai sayar da mayafai ce da suke kira Shugaba, wadda ko atishawa ta yi sai ta saka a sitatus.

Sai ciwo ya kwantar da Inna Ƙarama, maganin da ake ba ta ya zubar mata da gashi tas. Matar da ta ƙare rayuwarta a kan gashin wasu, ko mahaifiyata ba ta yarda ta ga kanta ba. Ni kaɗai nake ɗaura mata ɗankwali, shi ma sai an turo ƙofa.

Wata biyu zuwa uku guruf ɗin yana ta addu'a, ba wadda ta tako. Ranar da suka zo asibiti kuwa, tare suka zo, sun sha ado kamar masu zuwa biki. Inna Ƙarama tana barci. Shugaba ta ce zafi ya yi mata yawa, kafin in zagayo gadon ta zame mata ɗankwalin, ta kwantar da kumatunta kusa da nata, wata ta ɗauke su hoto. Na ce su goge. Suka ce haba 'yar nan, don a taya ta da addu'a ne. Ban ƙarasa mayar da ɗaurin ba hoton ya hau sitatus, da 'yar fuskar nan mai hawaye a ƙasansa.

Ba mu bari ta gani ba. Da ta rasu, wannan hoton suka sake fitarwa, kowacce da dogon rubutu a kan irin kusancinsu. Na bi su gida gida ina roƙo. Biyu suka goge. Shugaba ta juyo mini da wayar ta nuna mini yawan waɗanda suka yi sharhi, ta ce, "Kin ga dai yadda ake sonta. Ke yarinya ce, ba ki san zumunci ba." Tana maganar tana gyara mayafinta, kada gashinta ya leƙo.

Wayar Inna Ƙarama tana hannuna yanzu, ni ce mai ajiyar hotunan gidanmu. Na fitar da lambarta daga guruf ɗin, na fara saka hotunan ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, tsaga miƙe kamar an ja da zare. Abin da ta roƙe ni ke nan wata safiya ina ɗaura mata ɗankwali.

"Ɗiyata, in wani ya ce yana son ganina, kada ki nuna masa wannan kan. Ki nuna masa ƙeyar waɗanda na yi wa kitso."