Ranar da Genzo Ya Fara Shiga Ruwa

Kuramochi Genzo shi ne mai kula da injin jirgin ruwan Kyaftin Sasage tun kafin in fara aikin akawu a ƙungiyar masunta ta garinmu. Mutum ne gajere mai kauri, ba ya son magana. Sumarsa kuwa baƙa ce wuluk duk da ya haura sittin, har matasan jirgi kan ce da baƙin man inji yake wanke ta.

A bazarar bana aka yi masa aiki a babban asibitin birni. Aka yanke wani sashe na hanjinsa, aka huda cikinsa a gefen cibiya, aka manna masa jaka da bayan gida ke zuba a ciki. Ni na cike masa takardun hutu, saboda haka na sani. Sauran mutane abin da suka ji kawai shi ne ciwon ciki.

Ya dawo ya fara murmurewa. Sai bayan wata uku gashinsa ya soma zuba. Matarsa Fumie ta ce min kullum da safe sai ta kakkaɓe matashin kansa a bayan gida don kada maƙwabta su gani. Likita ya ce wahalar aikin da aka yi masa ce jiki ke hucewa, gashin zai tofo. Ba wanda ya yarda a bakin teku. Idan ya wuce da hular ulu, hira takan tsaya. Ya kuma daina zuwa gidan wankan jama'a, kuma a garinmu wanda ya daina zuwa wanka, an san inda ya dosa.

To, muna da al'ada. Ana gobe za a buɗe kamun kaguwa, mutanen kowane jirgi sukan yi wanka tare, mafi tsufa ya fara shiga kwamin ruwan zafi, sannan saura. Ko ƙyalle ba a yarda ya taɓa ruwan. Wanda bai shiga ba, ba ya hawa jirgi. A jirgin Sasage, Genzo ne mafi tsufa.

Kyaftin Sasage ya same ni a ofis.

"Akawu, kai ka ga takardunsa. Tsohon nan zai kai sabuwar shekara?"

Na ce ba ni da izinin faɗa.

"Ba izini na tambaye ka ba. Ba na ɗaukar mai jiran mutuwa a jirgina, teku tana jin ƙanshinsa."

Ranar wankan na je, da yake ƙungiya kan aika wakili. Mutanen jirgi suna zaune a kan 'yan kujeru suna cuɗa jiki, ba mai raha. Can sai ga Genzo. Ya cire hula, ya tuɓe, ya shigo. Jakar na manne a cikinsa, ya nannaɗe ta ya rufe da leda mai launin fata.

Tokuji, mai jan raga, ya ajiye sabulu. "Kawu, mene ne wannan?"

"Masai ne. Naku a baya yake, nawa an dawo da shi gaba don in riƙa sa masa ido."

Wani ya yi dariya, ya katse ta.

Tokuji ya ce, "Da shi za ka shiga ruwan da za mu shiga?"

"Tun safe ban ci komai ba, kuma sabuwa na sa. Kai da ba ka iya wanke gindinka ba, ka taɓa jin na yi magana?"

"Ƙyalle ma ba ya shiga, Kawu."

"Wannan ba ƙyalle ba ne. Cikina ne."

Sasage ya taso. Ya jawo kujera ya zauna a bayan Genzo, ya shiga cuɗa masa baya kamar yadda ake yi wa babba. Da ya kai ƙeya sai hannunsa ya tsaya. Ya shafa kan sama, ya sake shafawa, ya matso da fuska. Gashi ne ke tofowa, gajere, fari fat, mai laushi kamar na jariri.

"Tsoho, ka zama ɗan tsako."

"Cuɗa ka yi shiru."

Genzo ya ɗauraye jiki, ya taka a hankali ya nutse har wuya. Kowa ya zuba wa ruwan ido. Tururi na tashi, famfo na ɗiga. Ruwan bai canza ba. An daɗe a haka kafin Sasage ya shiga, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na raɓewa can nesa da tsohon.

Tokuji bai shiga ba. Ya goge jiki, ya sa kaya, ya tsaya a bakin ƙofa.

"An karya wanka. Ni ina da yara ƙanana."

Washegari jirgin ya tashi babu Tokuji, Genzo na ɗakin inji da jakunkunan canji a cikin gwangwanin shayi. Mutum ɗaya ya ragu a wajen jan raga, a watan da igiyar ruwa ta fi tsawo. Shekaranjiya iskar arewa ta taso, jiragen garinmu suka dawo ban da biyu, na Sasage na cikin biyun. Fumie ta zo ofis ta zauna kusa da rediyon da muke magana da jirage. Tokuji ma yana nan waje, a jingine da bango, bai shigo ba kuma bai tafi ba.