Hular da Mai Dabo Ya Ajiye

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na ƙasar Kano, Innata bisa jaki ni a ƙasa, muka bi ayarin fatake masu zuwa Sakkwato. Ni mahauci ne, yawo ba ya cikin sana'ata. To amma shekara bakwai ke nan da wana ya tafi can sayen shanu, tun shigowar Nasara, ko labarinsa babu. Kullum Inna sai ta zuba masa tuwo a akushinsa ta rufe. Sai wani ya zo mata da zancen mai dabo a Ƙofar Rini ta Sakkwato, wai yana ganin abin da ke zuciyar mutum. Na ce ƙarya ce. Ta ce ko ƙaryar ce sai ta je.

Hanya lafiya lau, sai ciwon ƙafa. A Tsafe muka sami tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa. Gaba da Gusau wata mai ƙosai ta ƙi karɓar aninina, wai wuri ta sani, me za ta yi da kuɗin da aka huda? A Mafara kuwa na ga yadda suke yanka tsire, na kau da kai don kada in yi faɗa a garin mutane.

A bakin Ƙofar Rini wata dattijuwa mai fura ta tare mu da fara'a. "Sannunku da hanya. Daga ina kunka hito, Inna?" Ai kuwa Inna ta kwance mata komai: sunan wana, cindon hannunsa, har facin shuɗin zare da ta yi wa hularsa. Ina zungurinta tana ture ni.

Washegari da hantsi muka sami mai dabon, wani siririn tsoho. Ya ciro ƙwai daga hularsa, ya faɗa wa wani baƙo sunan garinsu da abin da ya kawo shi, jama'a na ta salati. Can na hango mai furar nan bayan taro tana nuna masa mutane da ludayi. Ashe haka ne! Raina ya ɓaci, na shirya tona masa asiri.

Da ya zo kanmu sai ya daina wasa. Ya buɗe jaka ya ɗauko wata tsohuwar hula mai facin shuɗin zare. Inna ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Ya ce, "Wagga magana ba ta kasuwa ba ta, Inna. Mu tai gida."

A zaurensa ya faɗi gaskiya: shi bai san zuciyar kowa ba, matarsa mai fura ke sauraron baƙi ta gaya masa. Ita ce ta tsinci wana a bakin ƙofa, zazzaɓi ya kayar da shi. Damina guda suka yi jinyarsa, tsohon na ciro masa ƙwai daga kunne don ya yi dariya. A hannunsu ya cika, su suka yi masa sutura. Sunan ƙauyenmu ne ya ɓace musu, shi ya sa duk Bakanon da ya shigo sai ta ja shi da hira. Wallahi kunya ta kama ni, na yi kuka kamar yaro.

Suka kai mu kabarinsa muka yi addu'a. Inna ta ba su goro, suka ba ta hular, da ƙullin fura na guzuri.

Mun dawo gida lafiya. Har yanzu na ce dabo rufa-ido ne, amma na koyi in daina saurin yanke wa mutum hukunci. Maraicen da muka sauka Inna ta tuƙa tuwo, ta ɗauko akushin wana ta daɗe tana dubansa. Sannan ta zuba, ta miƙo mini, ta ce, "Ci."